Gogen Baba a Gwanjo

Na san abin da aka gaya muku game da ni da kawunku Alhaji Isuhu. Wasu sun ce a kan shago muka ɓata, wasu sun ce a kan gado, alhali kakanku bai bar abin da za a yi rigima a kansa ba, in ban da buta da tabarma da wata tsohuwar rediyo da ba ta kama ko'ina. Tun da kun girma har wasunku sun fara aurar da nasu, gara ku ji daga bakina tun ina iya faɗa. A kan goge muka ɓata. Kuma kada wanda ya karanta wannan ya tashi yana zagin kawunsa, domin ba don haka na rubuta ba.

Kakanku Tanko mai goge ne a Tibiri. Ba makaɗin fada ba ne, bai taɓa yi wa sarki kiɗa ba sai dai in sarkin ya jiyo daga nesa. Gidan biki yake zuwa, da gidan suna, da wajen manoma in an gama girbi, kuma ba zan ɓoye muku ba, in masu bori sun kira shi yana zuwa. Da gogen nan ya ciyar da mu, da shi ya sa ni lakwal, makarantar boko, har na iya buga mashin ɗin rubutu, da shi ya ba Isuhu jarinsa na farko. Ni ban taɓa jin kunyar sana'arsa ba, amma ni mace ce, ba a taɓa tsayar da ni a tsakiyar kasuwa an kira ni ɗan mai goge ba. Isuhu an kira shi. Ya nemi aure a gidajen manyan 'yan kasuwar Maradi ba sau ɗaya ba, aka ce ya je za a yi shawara, shawarar da har yau ba a gama ba. Da Allah ya buɗa masa, ya mallaki kamiyoyi, manyan motocin kaya masu zirga-zirga tsakanin nan da Katsina, ya gina gida a unguwar Zariya nan cikin Maradi, sai ya zama mutumin sahun gaba a masallaci, kuma ya yarda har cikin zuciyarsa cewa goge zai kai ubansa wuta. Bayan rasuwar Innarmu ya biya wa Baba kujerar Makka. Da suka dawo, Baba da bakinsa ya ce ya ajiye kiɗa, ban ga wanda ya murɗe masa hannu ba. Alhaji ya sauke gogen daga jikin bango ya miƙa wa direbansa, ya ce a kai bayan gari a ƙone. Daga nan aka kwaso Baba daga Tibiri aka ba shi ɗaki a gidan Zariya, da katifa da fanka da mai yi masa wanki.

A ɗakin nan Baba ya fara ƙarewa. Mutumin da in ya zauna ga tuwo sai an ƙaro masa, ya koma ya gutsira kaɗan ya ture kwano. Matar Alhaji ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata, ba irin abin da ba ta dafa ba, daga farfesun kai har dambun zogale irin na ƙauye, duk a dawo da shi kamar yadda aka kai. An kai shi likita, an auna jini, an auna fitsari, an ce ba a ga komai ba, tsufa ne. Duk Juma'a nakan je in same shi zaune a bakin katifa, rigar da ta cika shi bara ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Yatsunsa na hagu suna ta motsi a kan gwiwarsa, in ya ga ina kallo sai ya mayar da hannun cikin riga. Ina ganin ubana yana tafiya a hankali, ban san abin da zan yi ba, kuma duk wanda na yi wa maganar sai ya ce in gode wa Allah da ya ba shi ɗa mai kula da shi.

Lokacin ina da sibar a Sabon Gari, wato shagon da ake biya a hau intanet. Da aka rage ma'aikata a biro, ofishin da na yi shekaru ina buga takardu, Alhaji ne ya ba ni shago a gininsa kyauta, ya ce in nemi abinci, ni da babanku muka haɗa ɗan abin da muke da shi muka sa odinatoci, wato kwamfutoci. Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta rigimar tazarce. Yau a ce a rufe kasuwa, gobe a ce 'yan lakwal sun fita, jibi a ɗauke kuran, wutar lantarki, tun safe. Kowa na zaune da rediyo a kunne, ba mai hankalin hawa intanet sai masu neman hanyar barin ƙasar. A irin ranakun nan ne wani Ɗan Ladi ya zama ɗan gida a shagona. Dillalin kayan gargajiya ne, yana bin ƙauyuka yana sayen tsofaffin akusa da takubba da kayan kiɗa, yana tura wa wani mutum a Faransa. Shi kuma mutumin ya sa su a gwanjon intanet, inda ake ɗora hoton abu da bayaninsa, masu so su yi ta ƙara wa juna farashi har ranar da za a rufe. Turawan da a da suke zuwa har ƙofar Ɗan Ladi sun ɗauke ƙafa saboda halin da ƙasa ke ciki, shi kuwa bai yi lakwal ba, sai ya zo in buɗe masa shafin in karanta masa, ya ga ko an sayar da kayansa an ɓoye masa.

Ban taɓa dariya a rayuwata kamar yadda na yi a gaban shafin nan ba, kuma a shekarar da ba abin dariya na yi ta. Ba kayan Ɗan Ladi kaɗai ke ciki ba, na dillalai ne daga ko'ina, kowa da irin ƙaryarsa. Na ga turmi, turmin daka wanda har gindinsa ya cinye, an ɗaure masa fatar akuya a baki an rubuta gangar yaƙi ta sarakunan Gobir. Na ga kakaki wai na fada, an ce ya ga sarakuna bakwai, amma in ka matso da hoton sai ka ga ragowar zanen tumatir a jikin gwangwanin da aka naɗe. Akwai kalangun da aka ce a layin farko sabo ne ƙal, hannu bai taɓa shi ba, a layi na uku kuma aka ce kaka da kakanni sun gaje shi. Akwai ludayin shan fura da aka ɗaura wa zaren kamun kifi, aka ce molon 'ya'yan sarakunan Abzin ne, wai shi suke kaɗawa in suna kewar masoyansu. Wanda ya kusa kashe ni shi ne ƙahon wanzami, ƙaramin ƙahon nan da ake kafa wa mutum a baya a zuƙe masa mataccen jini. An goge shi da mai, an kwantar da shi a kan baƙin yadi, an rubuta sarewar makiyaya mai zaƙin murya, kuma ga mutane suna ta kokawa a kansa.

Na ce, "Ɗan Ladi, wanda ya sai wanga ya sa ga baki ya busa, alhaki nai na wuyan wa?"

Ya ce, "Madam, ai ba busawa su ke ba. Ratayewa su ke ga bango."

"To, tsuhwan hwa? Gangar da ka gwada mani watan jiya sabuwa ce, yau ga ta baƙa ƙirin."

"Madahi ne, Madam. In ta kwan biyu bisa murhun matata, hayaƙi ya ba ta shekara ɗari."

Wata ranar da gari ke rufe, kuran ya dawo wajen azahar, ina gangarawa da shafin ina karanta masa muna dariya, sai hannuna ya tsaya. Goge ne, an jingine shi kai ƙasa, ba ko bakan da ake goga shi. Kafin in karanta komai na gane shi. Ƙwaryar jikinsa ta Innarmu ce, wadda take dama fura a ciki. Ta taɓa tsagewa, Inna ta ɗinke ta da irin ɗinkinta mai karkata hagu, daga baya da tsohon gogen Baba ya fashe sai ya roƙe ta ya ɗaura mata fatar guza. Ina 'yar yarinya aka yi haka, ni na riƙe masa bakin fatar yana ja. Bayanin ya ce gogen ya haura shekara ɗari biyu, wai a fadar Tibiri aka samo shi, wai tsagar jikinsa saran takobi ce a wani yaƙi, kuma ga sunan Baba ɓaro-ɓaro. Ɗan Ladi ya rantse ba shi ya tura ba. Da na matsa masa sai ya ce to shi ne, daga hannun wani direba ya saya, direban ya gaya masa sunan mai shi, amma Tanko nawa ne a ƙasar Gobir da zai san ubana ne. Wannan kam na yarda da shi. Na fitar da shafin a takarda, na rufe shago, na hau kabu-kabu zuwa Zariya. Murna nake yi ƙwaryar Inna ba ta ci wuta ba, kuma ina so Alhaji ya san irin direban da yake ciyarwa. Akwai dai kalma ɗaya a gaban sunan Baba da na yi niyyar in haɗiye ta, ba wanda zai ji ta daga bakina.

Na sami Alhaji bayan la'asar a ƙarƙashin rumfar da ke ƙofar ɗakin Baba, yana sauraren labarai. Ƙofar a buɗe take, labule ne kawai tsakani. Bayan mun gaisa na miƙa masa takardar.

Na ce, "Yaya, gogen da ka ce an ƙone, ga shi can Faransa ana gwanjo nai."

Faransancin kawunku na kan hanya ne, na magana da 'yan duwan masu binciken kaya da jandarma, yana tsintar kalma nan da can. Ya nisanta takardar da idonsa, ya daɗe yana bin ta da yatsa, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ɗora yatsan a kan kalmar da na so in ɓoye, ƙaramar kalma ce mai harafi uku, feu.

Ya ce, "To, ga shi sun rubuta da kansu. Wagga ai wuta ke nan, ko ba haka ba? An sa mishi wuta, wani ɓarawo ya hizge shi ba ta gama ci ba. Direbana bai yi mani ƙarya ba."

Da na yi shiru da maganar ta tsaya nan. Amma na yi rabin rayuwata ina gyara takardun mutane, ba na iya ganin an karanta rubutu a karkace in ƙyale, kuma ga hoton a hannunsa, ko baƙin hayaƙi babu a jikin fatar.

Na ce, "Ba wutar murhu ba ce, Yaya. In sunka sa ta gaban sunan mutum, marigayi su ke nuhi. Cewa sunka yi marigayi Tanko."

Daga bayan labule sai muka ji muryar Baba.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Baba."

"Na ji an ce Tanko. Uwata, shigo da takardar nan."

Haka yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa gare ni, Rakiya. Na shiga na tsuguna, Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa. Baba ya kai takardar kusa da idonsa, ya juya ta, ya sake juya ta, har gogen ya tsaya daidai. Abin da ya fara tambaya shi ne wane marar tarbiyya ya ajiye shi kai ƙasa. Sannan ya ce in karanta masa duka. Na fara mayar masa da Hausa layi layi, ina jiran ya ɓata rai, sai na ji wani sauti da na manta da shi. Dariya yake yi, tun dawowarsa daga Makka ban ji ta ba.

"Shekara ɗari biyu? Ashe uwarku ta daɗe tana damun hura."

"Sun ce tsagar nan saran takobi ce, Baba."

"Akuyar Gwaggonku ta ture ta. Ku gaya masu akuyar ba ta da takobi."

"Sun ce daga fada anka samo shi."

"Sau guda na shiga hwada, shi ma kan rigimar iyakar gona."

Har hawaye sai da ya share. Ni ma ina dariya, har Alhaji na ga ya kawar da kai yana danne tasa. Na ninke takardar zan tashi, sai Baba ya riƙe bakin zanena.

Ya ce, "Saura wurin da kika tsallake."

Na ce, "Sun ce marigayi Tanko, na ƙarshen masu goge na Tibiri."

Ya sake duba hoton. Sannan ya miƙo mini takardar.

Ya ce, "To, nan kam ba su yi ƙarya ba."

Ya kwanta ya juya fuskarsa bango. A nan na ji tsoro na gaske, domin na san in aka bar shi a ɗakin nan ba zai ga damina mai zuwa ba. Washegari na sa Ɗan Ladi a gaba na ce lallai mutuminsa ya cire kalmar nan, ya kuma dawo mana da kayanmu. Ɗan Ladi ya sosa ƙeya ya ce in yi haƙuri, wai masu sayen nan ba sa son kayan mai rai, in mai abu yana da rai sai su ce ai zai iya ɗaura wani, sai ya mutu kaya ke yin daraja. Na rubuta wa mutumin da kaina, da Faransancin biro mai ladabi. Ya amsa mini da wanda ya fi nawa ladabi, ya taya ni murnar lafiyar mahaifina, ya tambaya ko akwai sauran irin kayan a gida. Kalmar kuwa bai taɓa ta ba. Ranar rufe gwanjo ta zo, wani da ban san sunansa ba a wata ƙasa da ban san inda take ba ya tafi da ƙwaryar Inna, yana murna ya mallaki gogen mamaci mai saran takobi.

Na kwana biyu ina juya abin a raina kafin in gaya wa babanku abin da na ƙudura. Bai hana ni ba. Ya ce dai in tuna shagon na wane ne, in kuma tuna ku nawa ne kuke ci daga cikinsa. Na ce na tuna. Na koma Zariya da safe, lokacin da na san Alhaji bai fita kasuwa ba tukuna.

Na ce, "Yaya, ina so in kai Baba Jiratawa wurin Gwaggo Dije, ya sha iska."

Ya dube ni ya ce, "Iska kaɗai?"

"Da goge."

Bai ɗaga murya ba, kawunku bai taɓa zama mai ihu ba. Ya kashe rediyo ya gyara zama.

Ya ce, "Rakiya, ni na kai shi ɗakin Allah ya tuba. Ke kina so ki maishe shi baya, yana bakin kabari. In ya mutu da abin nan ga hannu, mi za ki ce ma Allah?"

Na ce, "In ya mutu da yunwa cikin gidanka, kai mi za ka ce?"

"Abinci ya ƙare gidan ga?"

"Bai ƙare ba. Mai ci ne ya ƙare."

Ya ce mu shiga mu tambayi mai abin, ya tabbata Baba ba zai warware maganar da ya yi da bakinsa ba. Muka shiga. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya saurare ni. Ya sunkuya yana kallon ƙafafunsa.

Ya ce, "Isuhu, ka kai ni inda ban taɓa zaton zuwa ba, Allah shi yi maka albarka. Ba ni komawa gidan bori, ba ni komawa gidan biki. Amma ka bar ni in ji shi cikin ɗaki, ni kaɗai."

Alhaji ya ce, "Ba cikin gidana ba, Baba."

Sannan ya juyo gare ni. Ya ce in na fita da shi in aiko masa da makullin shago, kuma kada in sake taka gidansa. Ku sani tambayar da ya yi mini a ranar ba ni da amsarta, har yau da nake rubuta wannan ba ni da ita. Na tambayi malamai, kowa ya faɗi nasa. Abin da na sani kawai shi ne ubana yana mutuwa ina gani, kuma na san maganinsa. Na ɗaure kayan Baba a zane ɗaya, matar Alhaji ta raka mu har ƙofa tana kuka, ta cusa mini ƙullin kilishi wai ko zai ci a hanya.

Gwaggo Dije ƙanwar Baba ce, tana aure a Jiratawa, gidansu yana kusa da lambunan da ake ba ruwa ta kanal, duk inda ka juya warin albasa ne. Ita ta ba da ƙwarya, ta kife duk waɗanda take da su a tsakar gida ta ce ya zaɓa, ya bi su ɗaya ɗaya yana ƙwanƙwasawa da farce yana kushewa. Muka ɗauki wadda ya fi rage wa zagi muka tafi Tibiri wurin Bawa, wanda ya yi shekaru yana bin Baba yana kaɗa masa ƙwarya, kuma ya iya ɗaurin goge. Bawa da ya ga maigidansa sai ya rasa inda zai sa shi. Neman fatar guza ya ɗauke mu lokaci, izgar doki kuwa sai da aka lallaɓa wani mai doki kamar za a nemi auren 'yarsa. Baba ya zauna a kan tabarma yana ba da umarni, a ja nan, a sassauta can, wannan ƙaron ba shi da kyau a nemo wani. Ranar ya yi magana fiye da duk wadda ya yi a shekarun Zariya, kuma rabinta faɗa ne.

Kada in yi muku ƙarya irin ta 'yan gwanjo, kiɗan bai dawo ba. Hannun ya riga ya tafi. Ranar da ya fara gogawa a ɗakin da Gwaggo ta ba shi, abin da ya fito kamar kukan ƙyauren da ya yi tsatsa ne, har kaji suka watse. Gwaggo ta leƙa ta ce, in haka zai yi gara ya bar wa Turawa sunan da suka ba shi. Ya ce mata ita da akuyarta ai sun daɗe suna ɓata masa sana'a. Daga baya ya ɗan miƙe, wani lokaci yakan kamo wani tsohon kiɗa ya bi shi har rabi kafin yatsun su ƙi. Bai taɓa fita da shi ko ƙofar gida ba, kamar yadda ya yi alkawari. Yakan yi sallarsa, ya ja carbi, in rana ta yi sanyi ya sauke gogen. Damina biyu ya ƙara a duniya.

Makullin shago kuwa na aika tun a makon farko. Muka kwaso odinatocin muka jibge a zauren gidanmu, ba layin intanet, ga zafi, ɗaya bayan ɗaya suka mutu. Manyanku za su tuna shekarar da na koma sayar da ƙanƙara da buga wa mutane takardu a ƙofar gida, da sallar da kuka yi da tsofaffin kaya, kuna tambayata me ya sa ba za a je gidan Kawu ba. A tsakanin nan soja suka karɓi mulki, daga baya aka yi zaɓe, ni duk a sama na ji su. Abin da ya fi yi mini ciwo ba shagon ba ne. Bikin babbar 'yar Alhaji ne, yarinyar da na goya a bayana, a bakin maƙwabta na ji an ɗaura mata aure. Na shiga ɗaki na yi kukana na fito na ci gaba da ƙulla ƙanƙara. Amma ku rubuta wannan ma a ranku, duk wata sai motar Alhaji ta sauke buhun hatsi da mai da sabulu a ƙofar Gwaggo, bai taɓa fashi ba. Shi dai bai je ba, kuma bai aiko da gaisuwa ba.

Baba ya rasu da safe, lokacin cirar albasa, bayan ya yi sallar asuba ya koma ya kishingiɗa. Aka aika Maradi. Alhaji ya iso kafin hantsi, shi ya tsaya aka yi wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya shiga ɗakin Baba, ya ga abin da ke rataye a bango, ya juya ya fito. Ni da shi ba mu haɗa ido ba. Da mutane suka ragu, ina bayan rumbun Gwaggo ina wanke kwanonin masu gaisuwa, sai na ga inuwar mutum a kaina.

Ya ce, "Rakiya."

Na ce, "Na'am, Yaya."

Ya daɗe a tsaye, har na zaci ya fasa.

"Yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Sosai?"

"Jiya da rana ya cinye tuwo nai tas, ya ce Gwaggo ta yi mishi rowar miya, a ƙaro."

Sai kawunku ya tsuguna a nan gefen kwanoni, babbar rigarsa ta shadda tana cikin ruwan wanke-wanke, ya rufe fuskarsa da hannun riga. Ko ranar da Innarmu ta rasu ban ga ya yi haka ba. Na matsa kusa da shi. Na janye bakin rigar daga cikin ruwan, na matse masa ita, na riƙe har ya gama.